Zuwa ga Yayata da Haihuwa Ta Tafi da Ita

Yaya,

Akwai maganar da na kasa faɗa a zaman makoki, don duk wanda ya shigo cewa yake kin yi shahada, kwana ne ya ƙare. Na yarda, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma sanadin tafiyarki ba ɓoyayye ba ne. Zubar jini ne bayan haihuwa, kuma an daɗe da sanin maganinsa.

A ɗaki kika haihu, kamar yadda Inna ta haife mu duka. Mabiyiya ta faɗo, jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta yi iya yinta. Dare ne, ba mai motar da zai yarda ya hau hanya, saboda 'yan bindigar da suka addabi ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da Safana har bakin dajin Rugu. Aka ce a jira asuba. Irin wannan jinin kuwa cikin awa biyu yana iya kashe mace lafiyayya.

Ba ke kaɗai ba ce, Yaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 75,000 suka rasu a Nijeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini ne kan gaba. Sai jijjiga, wadda hawan jini ke kawowa, mu kuma mu ce iska ce, a tafi neman mai ruƙiyya alhali allura gare ta. Sai zazzaɓin jego da doguwar naƙuda. Da yawa daga waɗanda suka tsallake doguwar naƙuda, asibitin Babbar Ruga na Katsina ake kai su aikin yoyon fitsari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne arhar maganin. A 2023 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, har da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a cikin masu aikin. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai jego, a ga yawan jinin da ido maimakon kintace, a haɗa mata magunguna lokaci guda. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin 100. Akwai kuma ƙwayar misoprostol, ba ta buƙatar firij, a ƙauye ma ana iya ajiye ta. Ko guda ɗaya babu a gidanmu daren nan.

Mu ma da namu laifin. Mun koya wa mace cewa kuka a naƙuda abin kunya ne, zuwa awo kuma sai miji ya ga dama. Kuɗin ragon suna ana tanadinsa tun ciki na wata biyar, kuɗin mota zuwa asibiti kuwa sai ta ɓaci ake bin maƙwabta rance.

Yaronki na hannuna, Talle muke kiransa. Fargabata a kansa ba ta ƙarewa, don na san abubuwan da ke ɗauke yara a ƙasarmu: zazzaɓin cizon sauro da damina, gudawa, ciwon haƙarƙari, ƙyanda, da tamowa da ke share wa sauran hanya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a watanni shida na farkon 2025. Waɗanda aka iya kaiwa ke nan. Ina kai Talle rigakafi, yana kwana cikin gidan sauro, in masu rabon maganin zazzaɓi sun zo da damina ni ce ta farko a ƙofa.

A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla, amma sai mace ta isa asibiti da ranta. Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin Kurfi da Dutsin-Ma shi ne kowace mazaɓa ta sami ungozomar asibiti da ke kwana a bakin aiki, da magani a hannunta, da motar da za ta iya fita da dare.

Allah ya jiƙanki, ya kai haske kabarinki.

Ƙanwarki.