IYA SANA'A DABAN, IYA KOYAR DA ITA DABAN

Yau za mu ɗan jingine labarin da muke kawo muku, domin akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato sha'anin masu koyar da sana'ar hannu a garuruwanmu na Ikara da Makarfi da Kudan.

Koyar da sana'a a aji ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Tun shekarar 1987 da Maryam Babangida ta ɓullo da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, aka yi ta buɗe cibiyoyin mata a ƙananan hukumomi ana koyar da ɗinki da saƙa da haɗa sabulu. Yanzu kuma abin ya koma hannun masu shaguna. Mai sayar da ulu da zare da ƙwarashi sai ta shimfiɗa tabarma a bayan shago, ta ce a zo a sayi fom. Ni ban ga laifin haka ba, neman halal ne. Tambayata ita ce, wa ya cancanci a kira shi malami a wannan fage?

Ƙanwata ta taɓa yin wata uku a irin wannan aji tana koyon saƙar kayan jarirai. Malamar gwana ce ta gaske, in ka ga hular da ta saƙa sai ka rantse daga kanti aka sayo. Amma da zarar ɗaliba ta kuskure ƙulli, sai ta fizge ƙwarashin ta gyara da kanta, ta miƙa mata. Ranar yaye an ba kowa satifiket, an ci shinkafa, an ɗauki hoto. Da ƙanwar tawa ta dawo gida, ko safa ɗaya ba ta iya farawa ita kaɗai. Kuɗin fom ɗin kuwa na rake ne da mahaifinmu ya kai kasuwar Makarfi. Ai Bahaushe ya ce gani ba ci ba ne.

Saboda haka abu na farko da nake nema wurin malami shi ne haƙurin barin hannun ɗalibi ya yi aikin. A bar shi ya ɓata, ya warware, ya sake. Zaren da ya lalace a wajen koyo ba asara ba ce.

Na biyu, kada ya ɓoye sirrin sana'a. Mun san telolin da yaro zai shekara uku a shagonsu yana guga da sayo abinci, amma ranar da za a yanka yadi sai a aike shi. Yankan kuwa shi ne ɗinkin. Da masu surfanin Zariya na dā sun yi irin wannan rowa, da zanen aska takwas bai iso gare mu ba.

Na uku, amana. Mai koyarwa a shago tana da hula biyu, ta malanta da ta kasuwanci. Idan ta tilasta wa ɗalibai sayen ulunta mai tsada alhali akwai mai sauƙi da zai yi, to 'yar kasuwar ta danne malamar. Haka mai koyar da sabulu da ba ta gargaɗi yara cewa soda tana ƙona fata ba, ba ta kuma sa su saka safar hannu ba, ta ci amanar iyayen da suka ba ta 'ya'yansu.

Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, lissafi. Yarinya ta iya saƙa, amma ba ta san ta haɗa kuɗin ulu da na mota zuwa Zariya da ladan guminta kafin ta yanka farashi ba. Irin wannan cikin wata biyu jarin ya narke, a ce sana'ar ce ba ta karɓe ta ba.

To iyaye, kafin ku biya kuɗin fom, kada ku tsaya kallon kayan da malama ta rataye a shago. Ku tambaya a nuna muku ɗalibanta na bara, su nawa ne ke cin abinci da abin da suka koya. Ku kuma malamai, ku tuna ɗalibin da ya fi ku ba kishiya ba ne, sadaka ce mai gudana.

Allah Ya sa wa neman kowa albarka, amin. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.