Buhun shinkafar da ya tona mini asiri a Paris

A Maraɗi ban taɓa ware lokaci don motsa jiki ba. Da asuba in ja guga in cika randunan gida, da damina in bi Baba gona da hauya. Da na zo Lyon karatu sai rayuwa ta koma zama: kujerar aji, kujerar ɗakin karatu, kujerar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Shekara uku ina haka, ban lura ƙarfina yana zubewa ba.

Wani hutu na hau jirgin ƙasa, awa biyu sai ga ni a Paris wurin kawuna, wanda ke zaune a hawa na shida na wani tsohon gida a unguwar Goutte d'Or, babu na'urar hawa sai matakala. Muka je Château Rouge ya sayi shinkafa buhun kilo 25. Na ce, "Haba Kawu, ina tsaye ku ɗauki kaya?" A hawa na huɗu na sunkuya in gyara riƙo, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a kwankwaso. Kawu, mai shekara sittin da ɗoriya, wanda ya yi rabin rayuwarsa a aikin gini, ya tsuguna, ya rungumi buhun a ƙirji, ya miƙe da ƙarfin cinyoyinsa ya haye. Da ya sauko ya kama ni, ya ce, "Ɗana, boko ya cinye maka baya."

Sati biyu ina sallah a zaune. Da na warke sai na yi rajista a gidan motsa jiki kusa da Guillotière, kuma na faɗa kuskuren da yawancin samari ke yi: kullum damtse da ƙirji, wato tsokokin da madubi ke nunawa. Bayan wata biyu riga ta fara matse hannu, amma baya na nan da ciwonsa. Likitar gaɓoɓi, wadda a nan ake kira kiné, ita ta warware mini. Ta ce jikin da ke ɗaukar kaya yana cinya da ɗuwawu da baya da ciki, ni kuwa na bar ginshiƙi ina ta yi wa bango fenti.

Ga abin da na koya, ko zai rage wa wani wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya ƙarfafa dukkan manyan tsokokin jikinsa aƙalla kwana biyu a mako. Mai farawa ba ya buƙatar ware wa kowace tsoka ranarta. Motsi huɗu sun ishe shi.

Na farko tsuguno, don cinya da ɗuwawu: ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka sauka kamar za ka zauna a kujera, baya a miƙe, dunduniya a ƙasa, sannan ka tashi. Na biyu turi, don ƙirji da kafaɗa da bayan damtse: ka dafa ƙasa ka ture jikinka sama, abin da Faransawa ke kira pompes. In ya yi maka nauyi, fara da dafa tebur. Na uku ja, don gadon baya da damtse: ka dafa kujera da hannu ɗaya, ka janyo nauyi zuwa haƙarƙari da ɗayan. Wannan jan guga ne kawai aka sauya masa wuri. Na huɗu don ciki da kwankwaso: ka kwanta rubda ciki, ka ɗago a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar tabarya, daƙiƙa 20 zuwa 30.

Ukun farko ka yi kowanne sau 8 zuwa 12, ka huta, ka maimaita zagaye biyu ko uku. Ka bar kwana ɗaya ko biyu tsakani, domin tsoka a lokacin hutu take ginuwa. Ranar da 12 ta zama wasa, ka ƙara nauyi kaɗan. Tsamin jiki washegari ba komai ba ne, amma suka mai tsanani a gaɓa alama ce ta ka dakata ka ga likita.

Kuɗi ma ba hujja ba ne. Ƙunshin ruwan kwalba shida masu lita ɗaya da rabi kilo 9 ne, da shi nake jan gugana a ɗaki. Ranar Asabar kuma in bar motar haya in hau matakalan Croix-Rousse da ƙafa. Da azumi nakan jinkirta sai bayan buɗa-baki, in rage zagaye.

Bana na koma Paris. Muka sake zuwa Château Rouge, buhu iri ɗaya. Na tsuguna kamar yadda na ga ya yi, na rungume, na haye hawa shida ina haki. Kawu bai yabe ni ba. Ya dai miƙo mini makulli ya ce gobe akwai jarkar man gyaɗa da za a ɗauko.