Tafi-Da-Gidanka A Kan Hanyar Jalingo Zuwa Mambila

Jalingo gari ne da ke zaune a gindin duwatsu, kogin Lamurde da na Mayo Gwoi suna ratsa shi. A shekarar 1893 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa shi a matsayin sansanin yaƙi, bayan da wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya taimake shi da bindigogi ya ci garin Kona. Sansanin nan ya zama hedkwatar masarautar Muri, ya zauna cikin Jihar Arewa Maso Gabas daga 1967, sa'an nan cikin Jihar Gongola daga 1976, har ran 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Taraba aka mai da shi babban birninta. Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa 'yan kasuwa duk suna zaune a cikinsa.

Ga direba kuwa, Jalingo mahaɗar hanyoyi ce. Wata ta nufi Numan da Yola, wata ta yi Wukari, wata kuma ta bi ta Sunkani da Garba Chede da Bali da Serti, ta isa Mayo Selbe inda hawan tsaunin Mambila ya ke farawa. Wannan ta ƙarshe ita ce alƙalin motoci, domin duk aibin da maƙeri ya ɓoye a jikin mota, a kanta ya ke tonuwa.

Baƙi masu ɗaki a bayan mota

Tun daga 2017, lokacin da rikicin yankin masu magana da Ingilishi na Kamaru ya zama na makamai, matafiya da yawa masu ratsa Afirka da mota daga Turai zuwa kudu suka ƙaurace wa hanyar Ikom da Mamfe. Suka koma shiga Jihar Taraba, su hau Mambila, su bi ta Mayo Ndaga su sauka Banyo. Da haka mutanen wannan yanki suka fara ganin wata irin mota wadda aka mayar da cikinta ɗaki: ga gado, ga murhun gas, ga tankin ruwa, ga firiji, ga kuma faifan sola a kan rufi. In dare ya yi, mai ita ya nemi harabar masauki ko ofishin hukuma ya tsaya, ya rufe ƙofa ya kwanta, kamar kunkuru da ƙoƙon bayansa.

Wannan sana'a ta mayar da mota ɗaki ta daɗe a Turai. Kamfanin Westfalia na Jamus ya fara shirya motocin Volkswagen ta wannan hanya a 1951, a Ingila kuma aka san motocin Bedford da a ke kira Dormobile, masu rufin da a ke ɗagawa in an tsaya don mutum ya sami miƙewa a ciki. Abin lura shi ne, irin wannan bas ta Volkswagen da Bature ya mayar ɗakin kwana, ita ce mutanen Ikko suka cika da kujeru suka kira ta danfo. Mota ɗaya ce, bukata ce ta bambanta.

A yau mai son irin wannan mota ya kan sayi bas ko akori-kura, ya kai wa kamfanin da aikinsa ke nan, a zauna a tsara inda kowane abu zai zauna, ya biya kafin alƙalami, ya jira watanni. Ran da ya karɓa, kome sai ƙyalli. Amma sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Inda hanya ke tona asiri

Abu na farko da ke raba mai murna da mai da-na-sani shi ne nauyi. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka yi ta domin ɗauka, kuma lasin ɗin tuƙi na gama-gari a Turai ya tsaya ne a kan tan uku da rabi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, watau tanki mai lita 100 ya kai nauyin buhu biyu na siminti. A ƙara katako da batura da tukunyar gas da safaya taya biyu da jarkokin mai, sai a ga mota ta cika kafin mai ita ya sa ko da jakar tufafinsa. Kamfanin kirki ya kan ɗora motar a kan sikeli bayan ya gama aiki, ya ba mai ita takardar nauyinta. Wanda bai yi haka ba ya bar wa sifirin da shokazoba su ba da labari a ramukan hanya.

Daga Mayo Selbe hanya ta kan riƙa nannaɗewa a jikin dutse, kwana bayan kwana, har ta fito kan tudun da ya kai kimanin mita 1,600 bisa teku. Iska tana raguwa a can sama, injin da ba shi da tabo kuwa ya kan rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 1,000. Motar da aka cika wa kaya sai ta hau da giya ta ɗaya, lagireto yana tafasa. Gangarowa ta fi hawa haɗari, gama birkin da aka daɗe ana takawa ya kan yi zafi ya daina kamawa. In kuma an tara kaya a kan rufi, mota ta kan yi rinjaye a kwana, abin da direbobin Gembu suka sani tun kafin a haifi yawancin baƙin nan.

Abu na biyu shi ne girgiza. Kabad ɗin da aka ɗaure da ƙananan kusoshi a jikin falanki zai yi shekaru lafiya a kan titin Jamus, amma hanyar ƙasa ta Mayo Ndaga ta kan kwance shi cikin yini guda, musamman da damina. Wanda aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen motar shi ke kai labari. Haka wayoyin lantarki: in ba a sa musu fis ba, ba a kuma rufe bakin ƙarfen da su ke ratsawa da roba ba, gogayya ta kan fere su, ƙarshenta gobara.

Na uku shi ne iska. Zafin Jalingo a watan Maris da Afrilu ya kan mai da mota tanderu, alhali kuwa a Nguroje da Gembu sai da bargo. Ranar da sanyi ya kama baƙo ya rufe tagogi ya kunna murhu don ɗumi, ya jawo wa kansa hayaƙin nan marar wari marar launi wanda ke kashe mutum cikin barci. Saboda haka ƙwararru ke keɓe tukunyar gas a akwati mai huda a ƙasa, su kuma bar kafar shan iska a rufi wadda ba ta rufuwa gaba ɗaya.

Na huɗu, kamfanin da ya yi aikin yana can wata uwa duniya. Takardar garantinsa ba ta da amfani a Serti. Masu tsofaffin Toyota da Land Rover, waɗanda kowane bakanike ya san cikinsu, su suka fi samun sauƙi, masu sabbin injuna da kwamfuta ke sarrafawa kuwa wani lokaci sai sun jira a aiko musu da kaya daga nesa.

Gwanayen gida

Kada mai karatu ya ɗauka sake wa mota siffa baƙon abu ne a ƙasar nan. Shekaru aru-aru Fulani makiyaya na ƙasar Muri ke ɗora kayan bukka a kan takarkari su tashi da gidansu. Da motoci suka zo, kafintoci suka riƙa karɓar Bedford da Marsandi 911 daga kai sai ƙashin baya, su gina musu bodin katako, a yi zane da kirari a jiki. Da aka buɗe masana'antar Fijo a Kaduna da ta Volkswagen a Ikko a 1975, da ta ANAMMCO a Inugu a 1980, sana'ar ta ƙara bunƙasa. A garejojin Jalingo masu walda su kan cire kujerun bas don ta ɗauki doyar Mumuye, su ƙara ganyen sifirin, su ɗora keriya. A kan Mambila kuwa tsofaffin Land Rover da aka sha yi wa kwaskwarima sun yi shekaru suna kai kaya ƙauyukan da wata mota ba ta zuwa.

Hannu dai akwai shi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne awo da rubutu. Ƙara sifirin ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya kuma canza iyakar nauyin da taya za ta ɗauka. Sau da yawa ciniki da baki a ke yinsa, in rigima ta taso babu shaida.

Bukatar kuwa tana nan. Jihar da ke da gandun daji na Gashaka-Gumti, mafi girma a Nijeriya, da dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419, da gonakin shayi na Kakara, tana da abin nuna wa baƙi, masauki kuwa kaɗan ne a wuraren. Malamin dabbobi mai bin rugage, da ma'aikatan allurar rigakafi, da ɗan kasuwa mai cin kasuwannin mako, duk za su amfana da motar da za su kwana a cikinta. Da ruwa ya cinye gadar Namnai a kan hanyar Wukari a watan Agusta 2024, matafiya sun ga yadda tafiyar yini ke rikiɗewa ta zama ta kwana.

Saboda haka wanda zai ba da motarsa, ko ga kamfanin Turai ko ga maƙerin unguwa, ya nemi ganin aikin da suka yi wanda ya shekara a kan hanya, ya tambayi mai shi. A rubuta kuɗi da ranar gamawa da irin kayan da za a sa, a biya kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe sai an auna motar da cikakken lodi an kuma gwada ta. A gyara takardunta da inshora su dace da sabuwar siffarta. Mai sayo ta daga waje ya tuna Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun ran 2 ga Afrilu 1972, doka kuma ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Duk wannan a Jalingo ya kamata a gama shi, kusa da masu walda da kantunan kayan gyara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.