Bayan likita ya ce sai addu'a

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ajali a asibitin gwamnati ya san akwai ranar da likita zai rufe fayil ya ce sai dai a ci gaba da addu'a. Daga ranar likita ya zama baƙo, ya leƙo da safe ya wuce. Sauran yinin da daren duk na nas ne.

Lokacin jinyar kawuna na ga nas biyu a ɗaki ɗaya. Ta farko a wurinta wanda ba zai tashi ba ya fita daga lissafi. Ka ce Sista yana jin ciwo, sai ta ce "to ni me zan yi masa?" Ta biyu kuwa takan juya shi kada gyambo ya kama bayansa, ta jiƙa masa leɓe da auduga, ta kira shi Baba ko da ba ya amsawa. Daren da ya fara gargara ita ta ja labule, ta ce a kira 'ya'yansa yanzu, kada a jira safiya. Ba Musulma ba ce, amma ita ta ce mana mu matso mu laƙƙana masa kalmar shahada. Albashinsu ɗaya, kayan aikinsu ɗaya.

Mu dai da sauri muke cewa tarbiyya ce. Akwai wannan, amma ni ban yarda daga gida kaɗai ake zuwa da shi ba, ana koyar da shi. Cicely Saunders da ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, da aikin nas ta fara. Yuganda kuma tun 2004 ta ba nas ɗin da suka samu horo na musamman damar rubuta maganin mofin na sha, saboda likita ba ya kaiwa ƙauye. A nan kuwa har yanzu wasu na tsoron ba mai kansa maganin ciwo mai ƙarfi wai kada ya saba. Mutumin da sati biyu ya rage masa, wane sabo kuma?

Sannan mu yi adalci. A 2024 hukumar da ke yi musu rajista ta ce nas kusan 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ƙarshen Yulin 2025 waɗanda suka rage suka tafi yajin aikin gargaɗi kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Matar da aka bar wa ɗaki guda ita kaɗai da dare, dole ta zaɓi gadon da za ta tsaya, kuma wanda aka cire wa rai shi ake fara tsallakewa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, na san takardar ƙarin girma ba ta da gurbin rubuta wadda ta zauna da mai gargara har asuba. Ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su saka wannan horo a makarantun nas, su kuma riƙa duba shi wajen ƙarin girma.