Harshen Manomi da Ilimin Muhalli

Wani malamin firamare, ɗan Rogo Sabon Gari, ya tafi Jami'ar Bayero ta Kano neman digiri na biyu a fannin muhalli. Da lokacin bincike ya yi, sai ya komo gida da takardun tambayoyi, ya tara dattawa a ƙofar gidan mai unguwa, ya shiga yi musu bayanin "ɗumamar yanayi". Suka saurare shi cikin natsuwa, amma babu wanda ya tanka.

Can sai wani tsoho ya ce, "Malam, gonar da na gada jigawa ce, yau ta zama faƙo. Tun da aka sare gawon da ke tsakiyarta, dawa ba ta ƙara yin albarka ba. Ko abin da kake nufi ke nan?"

A nan ne ɗalibin ya gane cewa mutanen sun riga shi sanin matsalar, kalmominsa ne kawai baƙi. Manomi ya san gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, ya bar wa shuka rana, ya ba ta taki. Ya san bambancin jigawa da fadama da jangargari. Haka masuntan Ƙaraye, tun da aka kammala madatsar ruwan Challawa a 1992, suke lura da cikar ruwa da janyewarsa.

Sai ya sake tsara tambayoyinsa da kalmominsu, dattawa kuwa suka buɗe baki har magariba.

Don haka, malamin da zai koyar da muhalli ya fara tambayar yara sunayen itatuwa da ire-iren ƙasar garinsu. Duk kalmar da ta ɓace, da iliminta take tafiya.