Dariyar Aro

Mu 'yan wasan daɓe na unguwa ba mu tashi da takarda a hannu ba. Littattafan wasa akwai su, kuma mun karanta a makaranta: Wasan Marafa na Abubakar Tunau da ya fito tun 1949, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, Uwar Gulma, daga baya Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979. Amma waɗannan na aji ne da jarrabawa. In an hallara wurin gwaji, shugaban ƙungiya ne zai miƙe ya ba da labari da baki: kai ne ka ci kuɗin maraya, kai ne marayan, kai alƙali, ku biyu shaidu, a fitowa ta ƙarshe gaskiya ta yi halinta. Sauran magana kowa ya nemo a cikinsa. Har gobe irin wannan wasan na fi so, wanda aka haddace kalma bayan kalma ba ya ratsa ni. Sai dai duk abin da ya fito daga bakinka a irin namu, naka ne. Babu marubucin da za ka laɓe a bayansa.

A Zariya na yi ƙuruciyar wasana, wajen ƙarshen shekarun 1980. A Samaru jami'a tana da gidan wasanta na laka da aka gina a tsakiyar shekarun 1970, ɗakuna masu jinka kewaye da fili, mukan je mu kashe kwarkwatar ido mu dawo. Namu dandamalin barandar wata firamare ce. Labulenmu zannuwan gado ne da aka sato daga ɗakin iyaye, haske kuwa ƙwan lantarki biyu da aka jawo waya daga gidan maƙwabta. Gemu auduga ce da gam, furfura toka ce, tamojin tsufa kuma gawayi. A lokacin kowane yaro so yake ya zama Samanja ko Karambana. Ni mutumin Kasimu Yero ne, Allah Ya jiƙansa, saboda yadda yake iya jan shiru har sai mai kallo ya ƙosa, sannan ya saki magana guda ta wadatar. Wannan haƙurin ne ban koya ba. Ni dariya nake nema, da gaggawa, ko ta halin ƙaƙa.

Wanda ya riƙe mana ciki a wancan zamani wani dattijo ne mai shayi a bakin titin bayan makarantar. Baba muke ce masa. In an tashi gwaji bayan isha'i, bencinsa muke zubewa. Mai kuɗi ya sha haɗin kauri da wainar ƙwai, mai ƙaramin ƙarfi ya sha ruwan bunu da gutsuren burodi, wanda ba shi da ko sisi ya sha bashi. Baba ba ya rubutu, a bayan kwalin sukari yake jan layi, kowa da kusurwarsa. Yana da in'ina mai nauyi. In kalma ta maƙale masa, sai jijiyar wuyansa ta tashi, ya runtse ido, ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa bakin kofin silba kamar mai buga wa kalmar ƙofa, sannan ta fito. Duk da haka mutum ne mai son hira. Labarin jirgin ƙasa, labarin yunwar da aka yi yana yaro, farashin madara, ba ya gajiya. Mu dai ba ma jira ya ƙarasa. Yana cikin kokawa da kalma wani zai cafe ya ƙarasa masa, a wuce.

Ɗan wasa ba ya zama wuri idonsa a rufe. Tafiyar mutane, tarinsu, yadda suke karya hula, duk tarawa yake yi. Na daɗe da tara Baba ban ma san na tara ba.

Da sallah ƙarama muka shirya wasan cin kuɗin maraya, aka ba ni shaida na biyu. Maganata ba ta wuce in ce na ga lokacin da aka ba da amanar ba. Rawar ta yi mini ƙanƙanta. A gwaji na yi ta yadda aka ce, amma daren wasa sai na soke cokali da kofin silba a aljihun babbar riga ban gaya wa kowa ba. Alƙali ya ce in faɗi abin da na sani. Na buɗe baki na maƙale, na tayar da jijiyar wuya, na runtse ido, na zaro kofi na ƙwanƙwasa.

Wani daga baya ya ɗaga murya ya kira sunan Baba, fili ya ɗauka gaba ɗaya. Yaran da ke zaune a ƙasa suna birgima, mata suna toshe baki da mayafi, wani benci ya kife da mutanensa. Ban taɓa jin irin wannan dariyar ba, kuma ba zan ɓoye ba, daɗinta ya kai mini har ƙashi. Wanda ya fito a alƙali babban yayanmu ne a ƙungiya, malamin firamare. Ya gane abin da ke faruwa, ya buga tebur ya ce, “Shaida, kotu ta gamsu, koma ka zauna.” Ƙofa ce ya buɗe mini in fita da mutunci. Na ƙi. Na ce da sauran magana, na sake ƙwanƙwasa kofi. Da marayan ya fito zai faɗi abin da aka shirya wasan dominsa, ba wanda ya saurare shi, ana ta neman a dawo da shaida.

Bayan an sauke labule Malam ya ja ni gefe, gemun audugarsa na lilo a haɓa. Ya ce, “Ƙanena, dariyar nan ta aro ce, kuma mai ita bai san ka ɗauka ba.” Ni kuwa kaina ya riga ya fasu. Na ce, “Haba Yaya, ai kwaikwayon mutane gadonmu ne.” Na jero masa wasan gauta, na jero tashe, na kawo 'yan kama da ke kwaikwayon malamai, na ce Malam Aminu Kano ma da wasa ya fara yi wa manya shaguɓe. Bai yi musu da ni ba. Aka sake gayyatarmu wata unguwa, na sake yi, har da ƙari.

Duk abin da na jero gaskiya ne, wurin aza shi ne na kuskure. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, sarkin yana zaune yana kallo. In ya ga halinsa ya gyara, in ransa ya ɓaci yana da bakin da zai ce a bari. Tsohon da yara ke fitowa da shi a tashe da gemun auduga ba uban kowa ba ne a unguwa. Usman Baba Pategi, da ya rasu a 2023, soja ne tun kafin ya zama Samanja Mazan Fama, kakin da ya taɓa sawa yake wa dariya, da Hausar barikin da ya zauna cikinta. Baba mai shayi fa? Ba hali na kwaikwaya ba balle ya gyara, halitta ce. Ba shi da fada, ba shi da dogari, kuma abin da zai rama da shi, wato baki, shi ne na kama na riƙe.

Sakamakon bai zo da hayaniya ba, shi ya sa na daɗe ina yi wa kaina ƙarya. Yara suka tsiro da wasa: in za su wuce teburinsa, sai su sami gwangwani da dutse su ƙwanƙwasa, su ruga. Ƙaramin ɗansa, da ke firamaren da muke wasa a cikinta, ya dawo gida da fasasshen leɓe saboda faɗa. Baba bai tashi daga wurin ba, bai kai ƙara gun mai unguwa ba, bai hana mu benci ba. Magana ya daina. In ka zo, sai ya nuna gwangwanin madara da yatsa, ka gyaɗa kai ko ka girgiza. Ya nuna burodi, ya nuna ƙwai. Kuɗi ma da yatsu yake faɗa. Cokalin da yake ƙwanƙwasawa ya koma na juya sukari kawai. Abokai suka lura teburin ya yi tsit, wasu suka ce tsufa ne. Ni na sani. Sai na sauya hanya, na koma shan shayi a tasha, bashina kuma yana nan a bayan kwali.

Mahaifiyata ce ta ji a gidan suna. Ba ta yi mini faɗa ba, kawuna ta aika wa, wanda sahu ɗaya suke sallah da Baba. Kawu ya tasa ni gaba bayan la'asar, lokacin Baba yana hura gawayi, ba kowa a benci. Na durƙusa na ce, “Baba, na yi maka laifi, ka yafe mini don Allah.” Ya daɗe yana firfita wuta. Da ya tashi magana, kalmar ta maƙale. Hannunsa ya nufi cokali, ya fasa, ya damƙe gefen tebur. Bakina ya yi ƙaiƙayin ƙarasa masa kamar yadda muka saba, Kawu ya danne mini kafaɗa. Haka na tsuguna ina kallon jijiyar wuyan nan da na yi kasuwa da ita, har ya kai ƙarshe da kansa. Ya ce, “Ɗana, na yafe. Amma bashin shayi yana nan.” Kawu ya tuntsire da dariya, ya zaro kwalin ya ƙirga layukan, na biya a mako biyun da suka biyo. Hira ta ɗan dawo teburin daga baya, amma ba kamar da ba, kuma yaran unguwa sai da wani abin ya ɗauke musu hankali suka bari. Afuwar da na samu ba ta kai kunnensu ba.

Da 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, abokan wasana da yawa suka bi kaset. Ni na tsaya a daɓe, yanzu ni ke ba da labari da baki wurin gwaji. Ban daina satar motsin mutane ba, ba a wasa sai da shi. Amma tafiya daga wannan nake ɗauka, hula daga wancan, tari daga wani gari, in gauraya har mai abu ya kasa gane nasa. In kuwa yaro ya zo mini da ɗingishin wani ko in'inar wani, nakan tsayar da gwaji in tambaye shi: na wane ne, kuma zai iya zama a sahun gaba ya kalla? Sukan ce mini, “Baba, ai in an gauraya dariyar ba ta kai.” Gaskiyarsu ne, ba ta kai. Wasu su haƙura su sake gini, wasu su fita bayan makaranta su ɗauki abinsu a waya su sa a TikTok, inda ba ni da ta cewa.