Na Koma Fili da Goyo a Bayana

Ina roƙon ka ba ni aron kunnenka, in ba ka labarin abin da ya same ni. In ke ce mai karatu, ƴar'uwa, to ki matso kusa, don rabin zancen nan naki ne.

Ni malamar motsa jiki ce a wani kwaleji a nan Maraɗi, gidana kuwa yana Sabon Gari. A makarantar INJS ta Yamai na koyi aikin. Ban da darasin safe, ina da wata ƴar ƙungiya ta ƴan mata da nake koya wa jimnastik da yamma, ran Laraba da ran Asabar. Jimnastik shi ne wasan lanƙwasa jiki: alkafura ta gaba da ta baya, tsayuwa a kan hannu, da juyin taya, wato mutum ya dafa ƙasa da hannu ɗaya-ɗaya ya juya kamar ƙafar keke. Ba mu da kayan da ake gani a talabijin. Abin da muke da shi tsofaffin katifu ne guda uku, da rairayi, da inuwar dogon yaro.

Kada ka ce wasan banza ne. Yarinyar da za ta yi jarrabawar BEPC sai an gwada ta a fili kamar yadda ake gwada ta a takarda. Ban da wannan, yarinyar da ta saba riƙe nauyin jikinta a kan hannuwanta takan daina tsoron abubuwa da yawa. Na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

To, da Allah ya ba ni rabo, na tafi hutun haihuwa. Dokar ƙasarmu ta ba mace ma'aikaciya sati 14: shida kafin haihuwa, takwas bayanta. Da yake na fari ne, Tibiri na tafi wurin Innata. Can na sauka cikin sanyin hunturu, aka sami ɗiya mace. Sunanta kuwa kada ka jira shi daga bakina, ka san al'ada.

Kwana arba'in ɗin nan ban ɗauki ko tsinke ba. Ana dafa ruwa safe da yamma, a yi mini wanka da ganye, a kawo kunun kanwa da gasasshen nama. Mun ɗan yi ja-in-ja da Inna a kan kanwar da zafin ruwan. Na gaya mata tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka kuma yi kashedi game da yawan kanwa da zafi mai tsanani. Ta ce ita haihuwa takwas ta yi da wannan kunun. A ƙarshe muka raba gardama: aka rage kanwa, aka sirka ruwa. Amma in gaya maka gaskiya, hutun da iyayenmu suka tanadar wa mai jego abu ne mai kyau ƙwarai. Ban san darajarsa ba sai da ya ƙare.

Ran da na koma fili zafi ya fara shigowa. Na bar ƴan mata 23, na tarar da 9. Na tambaya, ina sauran? Suka sunkuyar da kai. Daga baya babbarsu ta ce, "Madam, iyayensu ne suka hana."

Ga yadda abin yake. Da na tafi, wani abokin aikina ya karɓi ƙungiyar, don kada ta mutu. Mutumin kirki ne, ya kuma san aikinsa. Amma shi wannan wasa ba a koyar da shi da baki kaɗai. In yarinya za ta tsaya a kan hannu, dole wani ya riƙe mata ƙugu. In za ta yi alkafura ta baya, dole a tallafe mata wuya da gadon baya, in ba haka ba ta karye. Shi ba ya iya taɓa su, su ma ba su yarda ba, iyayensu kuwa da suka ji namiji ne a wurin sai suka ce a zauna gida. Ban ga laifin kowa ba. Sai a ranar na gane cewa ba iyawata ce ta tara yaran nan ba. Hannuwana ne, don na mace ne.

Na ce a raina, bari in nuna musu Madam ta dawo. Na ɗaure ɗankwali, na ja da baya, na ɗaga hannu, na yi juyin taya, abin da na yi sau dubbai. Ina dira sai na ji kamar an zare mini igiya a ciki. Ƙuguna ya amsa, ƙafata ta yi rawa. Sa'an nan ga abin da ya fi ciwon: fitsari ya kufce mini kaɗan. Na yi maza na ɗaura zane a kan wandon wasa, na busa usur na ce an tashi. A kan kabu-kabu na yi ta kuka har gida, mai babur yana ta ba ni haƙuri, bai san dalili ba.

Mai karatu, na san za ka ce wannan ba zancen da ake rubutawa ba ne. Shi ya sa na rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in kowa ya rufe bakinsa, yaushe za a gyara rufin? Kwana uku ina ɓoye abin, ko maigidana bai sani ba. Na har rubuta takardar neman a mai da ni aikin ofis, na ninke ta na sa ƙarƙashin matashi.

A rana ta huɗu na tafi wurin ungozoma a asibitin unguwa. Da na gama bayani, da ƙyar, sai ta yi dariya ta ce, "Ƙanwata, ke ce ta uku yau." Ta kwantar da ni rigingine, ta ce in ɗaga kai kaɗan, ta sa yatsunta a saman cibiyata. Yatsa biyu suka shige. Ta ce naman ciki ɗauri biyu ne, dama da hagu. Ciki yakan raba su, ba su kuma haɗuwa rana ɗaya. A ƙasa kuma akwai wani nama mai kama da faifai, wanda ke tallafe da mafitsara da mahaifa. Wata tara yana ɗauke da kaya, ran haihuwa kuma ya miƙe iyakar miƙewa. Jijiyoyin gaɓoɓi su ma sukan saki. Ta ce, "Ke da kike koyar da jiki, kika manta naki jiki ne?"

Ga abin da ta koya mini, na ba ki kyauta, ƴar'uwa. Ki matse ƙasanki kamar mai riƙe fitsari da iska, ki ƙirga biyar kina numfashi, ki saki. Ki yi sau goma, safe da rana da dare. Ba a yi lokacin da ake fitsarin kansa. Tafiya a ƙasa tana da kyau tun da wuri, amma tsalle da gudu da ɗaukar kaya masu nauyi sai an yi wata uku ko fiye, sai kuma yoyon ya tsaya. In bai tsaya ba, ko kina jin wani abu yana saukowa, ko kina haki da kumburin ƙafa, ki koma asibiti, kada ki tsaya jin kunya.

Na tuna da wasu mata da muka karanta a makaranta. Kowa ya san Nadiya Komaneci ta Romaniya, wadda ta fara samun maki 10 cif a wasannin Olimfik na 1976 tana da shekara 14. Amma ba ita ta zo mini a rai ba. Larisa Latinina ta Tarayyar Sobiyet ta haihu a ƙarshen 1958, ta kuma ci zinariya a Roma a 1960. Oksana Cusobitina, ƴar Uzbekistan, ta haifi ɗanta a 1999, ta ci azurfa a Bejin a 2008 tana da shekara 33, ta je Olimfik har sau 8. Ba na gwada kaina da su, su suna da likitoci da kaya. Abin da na ɗauka shi ne, haihuwa ba ta kashe jiki. Lokaci take nema. Na ciro takardar nan na yaga.

Saura matsala biyu: wa zai riƙe jaririya, kuma yaya zan koyar ban yi tsalle ba? Dokar aiki ta ba mai shayarwa awa ɗaya a rana, likitoci kuma sun ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba yaro. To, awa ɗaya ba ta isa in je gida in dawo. Surukata ta zo daga Jiratawa da buhun zogale, ta ji zancen, ta ɓata rai. Ta ce, "Mai ɗanyen goyo tana tsalle a gaban jama'a? Ina aka taɓa yi?" Na durƙusa na ce, "Inna, ba zan yi tsalle ba. Ki zo ki gani da idonki, in abin bai yi miki ba, na bari." Ban san inda na sami ƙarfin halin faɗin haka ba.

Ran Asabar ta zo, ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ta karɓi jikarta. Ni kuwa na tsaya ina ta bayani da baki, yaran suna kallona kamar ina Faransancin da ba su taɓa ji ba. Can sai na ji tsohuwa ta ce, "Ku yaran yanzu ba ku gaɗa ne?" Ta sa suka yi rabin da'ira. Ta ce ɗaya ta juya musu baya ta faɗo, sauran su cafe ta su cilla ta sama. Suka yi, suna ta shewa. Na tsaya baki buɗe. Abin da na kwashe shekaru ina yi ni kaɗai da hannu biyu, ga shi ƴan matan ƙauye suna yi wa juna a dandali tun kakanni. Daga ranar na raba su uku-uku: ɗaya tana yi, biyu suna tallafe, ni ina duba inda kowace ta sa hannu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Surukata ba ta taɓa cewa ta yarda ba. Amma ta ƙara sati uku a kan abin da ta yi niyya, ran da za ta koma kuwa ta bar mini ƙanwar maigidana don raino.

Sauran aikin na ƙafa ne. Na bi gida-gida a Sabon Gari, da goyo a bayana, ina sallama ina neman iyaye mata. Ni da ya kamata in yi kunyar ɗiyar fari, ga ni ina yawo da ita cikin gari. Amma goyon nan ya buɗe mini ƙofofin da takardar makaranta ba ta buɗe ba. Sai a ba ni ruwa, a karɓi yarinya, a yi mata wasa, sa'an nan a saurare ni. Ƴan mata 7 suka dawo, muka zama 16. Sauran 7 ban same su ba. Ɗaya an sa mata rana, biyu sun koma talla, wasu iyayen kuwa sun ce sun riga sun yanke. Wadda aka sa wa rana ita ce ta fi kowa iya tsayuwa a kan hannu. Har yau in na wuce ƙofar gidansu sai in ji da ma ban tafi hutu ba, ko da yake na san ba haka ba ne.

Mu mutanen Maraɗi muna alfahari da Kantu, wanda ya ɗauki takobi a kokowar ƙasa ta farko a Tawa a 1975. Ɗa namiji in yana son kokowa, ba ya rasa fili da mai koya masa. Ɗiya mace kuwa, in malama ɗaya ta tafi haihuwa, sai filin ya watse. Don haka, kai uba, in ɗiyarka ta ce tana son karatun wasanni, kada ka ce ba na mata ba ne, jikokinka za su bukace ta. Kai shugaban ma'aikata, in mai jego ta dawo, ka nema mata inuwa da wurin shayarwa. Ke kuma ƴar'uwa, kada ki yi garajen da na yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu yarinyar ta fara rarrafe, tana bin katifu tana jan usur a wuyana. Yoyon ya tsaya. Satin jiya na sake gwada juyin taya, ɗalibaina biyu suna tsaye dama da hagu, hannuwansu a shirye. Na dira daidai. Tsayuwa a kan hannu dai tukuna, sai ƙugu ya ƙara ƙwari.

Allah ya raya mana abin da muka haifa, ya ba masu jego lafiya. Amin.